Shaidar Gwani a Kan Ƙasa da Halittun Cikinta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da koguna a cikinta, Ya sanya wa kowace halitta mazauninta da abincinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan shaida yake. Yawancin jama'a in aka ce shaida, hankalinsu yakan tafi ga wanda ya halarci ɗaurin aure, ko aka ba da bashi a gabansa, ko aka ƙulla ciniki yana zaune. Amma akwai wani irin mai shaida wanda bai halarci kome ba, ana kiransa gaban mai hukunci ne saboda ya san abin da mai hukuncin bai sani ba. Malaman fiƙihu suna kiran irin waɗannan ahlul ma'arifa, watau ma'abuta sanin abu, Bahaushe kuwa ya ce gwanaye. A zamanin nan, ɗaya daga cikin wuraren da maganar gwani ta fi nauyi shi ne inda ake jayayya a kan ƙasa: za a gina tashar jiragen ruwa, ko hanya, ko unguwa, ko madatsar ruwa, a wurin da tsuntsaye da kifaye da itatuwa suke zaune, sai a kira masanin halittu da mazaunansu ya faɗi abin da zai same su. Ƙasar Ingila ta daɗe da yi wa wannan al'amari tsari, saboda haka da ita za a buga misali, sa'an nan a auna shi da ma'aunin shari'a. Abin da darasin ke son tabbatarwa shi ne, ko wane ne ya ɗauki gwani aiki ya biya shi, shaidar da zai bayar ta mai hukunci ce, kuma amana ce da za a tambaye shi a kanta.

YADDA ZAMAN BINCIKEN YAKE

Tun daga dokar tsara birane da ƙauyuka ta shekarar 1947, mallakar fili a Ingila ba ta ba mutum ikon ya gina abin da ya ga dama a kansa, sai ya nemi izinin ƙaramar hukumar yankinsa. In ta hana shi, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga hukumar sufetocin tsare-tsare, wadda babban ofishinta ke birnin Bristol. Yawancin ƙararrakin a takarda ake gama su. Amma idan aikin babba ne, ko kuwa hujjojin sun sarƙe har ana bukatar a titsiye masu kawo su, sai a kira zaman bincike a bainar jama'a, galibi a wani zauren taro na garin da abin ya shafa. Sufeto ne ke shugabantar zaman. Mai son gini yana gefe da lauyoyinsa, ƙaramar hukuma tana gefe da nata, ƙungiyoyin kare halittu da mutanen unguwa su ma akan ba su dama su yi magana.

Kafin ranar zaman, masanin halittu ya riga ya yi watanni yana zirga-zirga a filin. Aikinsa kuwa yana bin lokaci kamar noma. Tsuntsayen da ke sauka da hunturu, a watannin sanyi ake ƙirga su, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. Jemagun ƙasar barci suke yi da hunturu, sai a neme su daga Mayu zuwa Satumba. Akwai kuma wata 'yar halitta mai kama da ƙadangare wadda take hayayyafa a kududdufai, doka ta ba ta kariya mai ƙarfi, ita kuma daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni ake binciken ta a ruwa. Abin da ya gani ya rubuta, ya zana taswira, sa'an nan mako huɗu kafin a buɗe zaman ya miƙa shaidarsa a rubuce domin abokan hamayya su karanta ta a tsanake. In ta wuce kalmomi 1,500 sai ya haɗa da taƙaitaccen bayani. Akan kuma bukaci ɓangarorin su rubuta abubuwan da suka yi ittifaƙi a kansu, don kada a ɓata lokaci inda babu saɓani.

Ranar da ya hau kujerar shaida, lauyan ɓangarensa zai fara bi da shi cikin abin da ya rubuta. Sa'an nan lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya yi masa tambayoyin ƙure: wace rana ka je, da ƙarfe nawa, sau nawa ka koma, me ya sa ba ka ambaci kududdufin da ke bayan shinge ba? Wannan yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci yini guda ko fiye. Sufeto shi ma ya yi nasa tambayoyin, daga baya ya je ya ga filin da idonsa. A ƙarshe ko dai shi ya yanke hukunci, ko kuma, a wasu manyan ayyuka, ya rubuta wa minista shawara, minista ya yanke.

ASALIN KARƁAR MAGANAR GWANI

Shari'ar Musulunci ta riga ta san wannan babi. A Suratun Nahli, aya ta 43, Allah Ya umurci wanda bai sani ba ya tambayi ma'abuta sani, alƙali kuwa yana cikin wannan umurni kamar kowa. A Suratul Ma'ida, aya ta 95, inda aka yi maganar mai harami da ya kashe dabbar farauta da gangan, an bar wa adilai biyu su hukunta wace dabbar gida ce kwatankwacin wadda aka kashe, malaman Malikiyya kuma suka sharɗanta su zama masu fahimtar wannan hukunci. Ga kuma hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, a Buhari da Muslim, inda Mujazzizu na ƙabilar Mudlij, gwanin gane dangantaka ta kamanni, ya ga ƙafafun Zaidu ɗan Harisa da na ɗansa Usamatu alhali kawunansu suna lulluɓe, ya tabbatar cewa jini ɗaya ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi farin ciki da maganarsa.

Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya buɗe littafinsa Al-Furuƙ da bambancin shaida da ruwaya. A nan ya nuna cewa mai kintacen amfanin gona, da mai sa wa kaya ƙima, da tafinta, suna tsakanin biyun: ta wata fuska labari suke bayarwa daga iliminsu, ta wata fuska kuma maganarsu tana ɗora hukunci a kan wani mutum ayyananne. Daga nan saɓanin malamai ya taso, ko gwani ɗaya ya isa ko sai biyu. Ibnu Farhun ya ware babi a Tabsiratul Hukkam a kan hukunci da maganar ma'abuta sani. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna dogara da shi, an karɓi maganar wanda ba Musulmi ba wajen gane aibin abin sayarwa idan adili masani ya faskara, domin abin da ake nema a wurinsa sani ne.

A birnin Tunis, a ƙarni na 8 na Hijira, an yi wani babban magini, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba abin da maƙwabta ke jayayya a kansa, kamar hayaƙin tanderu, da magudanar ruwa, da bangon da ya karkace. Ya tara abin da ya gani a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ciki an bayyana yadda ake gwada ko dutsen niƙa da dabba ke juyawa yana girgiza bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan bangon, a ɗora busasshiyar ƙwaya a kanta, a sa dabbar ta juya dutsen, in ƙwayar ta motsa to cuta ta tabbata. Watau tun a wancan lokaci ana son gwani ya nuna hanyar da ya bi ya gane, ta yadda wani ma zai iya bi ya gani.

Su kuwa mutanen Ingila, shari'ar da suke ɗauka tushen wannan babi ta 1782 ce, ita ma a kan ƙasa da ruwa ta tashi. Tashar jiragen ruwa ta garin Wells a gundumar Norfolk ta cike da yashi, masu kula da ita suka ce jingar da masu filaye suka yi a fadamar bakin teku ce ta jawo. Masu filayen suka kawo injiniya John Smeaton ya ce ba ita ba ce. Alƙalin farko ya ƙi karɓar maganarsa, wai ra'ayi yake bayarwa, ba abin da ya gani ba. Babban alƙali Lord Mansfield ya warware wannan, ya tabbatar cewa a al'amuran kimiyya ana karɓar ra'ayin masana cikin fagen saninsu.

WANDA YA BIYA DA WANDA AKE YI WA SHAIDA

To, ga inda gizo ke saƙa. Gwanin nan ba sufeto ne ya ɗauke shi ba. Kamfanin da ke son gini ne ke biyansa, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar da ke adawa da aikin. Wanda ya biya yana sa ran jin abin da zai yi masa daɗi, gwanin kuma ya san in ya kawo labari mai ɗaci wataƙila baɗi ba za a neme shi ba. Masu iya magana sun ce in baki ya ci, ido ke jin kunya.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, a babin ban-ruwa da raba amfani, labarin Abdullahi ɗan Rawaha, Allah Ya yarda da shi. Bayan cin Haibara a shekara ta 7, an bar mutanenta suna noma gonakin dabino a kan rabin amfani, Annabi kuma yana aika Abdullahi ya kintaci 'ya'yan tun suna bisa. Manoman suka tara masa kayan adon matansu don ya sassauta kintacen. Ya ƙi karɓa, ya gaya musu rashawa haramiya ce, ya kuma gaya musu cewa ƙin da ke zuciyarsa ba zai sa ya zalunce su ba. In ya gama kintace yakan ba su zaɓi, ko su riƙe dabinon su biya rabo a kan wannan adadi, ko shi ya riƙe ya biya su a kansa. Mai karatu ya lura da wannan zaɓi, domin shi ne ma'aunin kintacen gaskiya: mai shi ya yarda da shi ko ta wane gefe ya tsaya. Masanin halittu na yau shi ma mai kintace ne. Tun daga Fabrairun 2024 doka ta wajabta wa yawancin manyan gine-gine a Ingila su ƙara darajar mazaunan halittu da kashi 10 cikin 100 bisa yadda suka same su, lissafin kuwa gwani ne ke yinsa. In ya rage darajar filin a farko, ya sauƙaƙe wa mai gini bashin da ke kansa ke nan.

Kotunan Ingila su ma sun tsaya a kan wannan matsayi. A 1993, a wata shari'ar inshora a kan jirgin ruwa mai suna Ikarian Reefer, wanda ya kafe ya kama wuta a gaɓar Saliyo, alƙali Cresswell ya jera wajiban gwani mai shaida. Daga ciki akwai kada bukatar ɓangarensa ta taɓa ra'ayinsa, kada ya mai da kansa lauya, ya ambaci abin da ke raunana maganarsa, ya faɗa in tambaya ta fita daga fagensa, ya kuma sanar in ya sake ra'ayi. Daga 1999 ƙa'idojin kotunan da'awa suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa wajibin gwani ga kotu yana gaba da wajibinsa ga wanda ya biya shi. Hukumar sufetocin ita ma tana son gwani ya tabbatar a rubuce cewa shaidarsa gaskiya ce, kuma ita ce ainihin ra'ayinsa na sana'a.

A yawancin irin wannan zama ba a rantsar da masu shaida. Musulmin da ya sami kansa a kan wannan kujera ya sani rashin rantsuwa bai sauke masa kome ba. Aya ta 135 ta Suratun Nisa'i ta mai da shaida abin tsayarwa domin Allah, ko da a kan mai ita za ta faɗa ko iyayensa ko danginsa, ta kuma hana wadatar wanda ake wa shaida ko talaucinsa su karkatar da ita. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta kai ga rashin adalci. Saboda haka hukuncin ya hau kan gwanin ƙungiyar kare tsuntsaye kamar yadda ya hau kan gwanin kamfani. Ƙara yawan tsuntsaye don a hana gini zur ne, kamar yadda rage su don a samu izini zur ne. Ladan da gwani ke karɓa na wahalarsa ne da lokacinsa. Ranar da aka ɗaura ladan a kan yadda hukunci zai fita, ya koma farashin shaida.

ƘOFOFIN DA ZUR KE SHIGOWA

A hadisin Abu Bakrata, Allah Ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaita ta. Ba safai gwani yakan shirya ƙarya tsagwaronta ba, domin ya san lauyoyi za su kama shi. Ƙofofin da zur ke shigo masa ƙanana ne.

Ta farko ita ce ɓoyewa. Ya ga jemagu a tsohon rumbu, amma ba a tambaye shi rumbu ba, sai ya yi shiru. Kowane layi na rahotonsa gaskiya ne, rahoton a dunƙule kuwa yaudara ne. Aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida, ta jingina zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. A hadisin Zaidu ɗan Halidu, a Muwaɗɗa da Muslim, an yabi wanda ke kawo shaidarsa tun ba a neme ta ba.

Ta biyu ita ce duba a lokacin da aka san ba za a gani ba. Wanda ya je neman tsuntsayen hunturu a watan Yuli ya rubuta cewa bai ga ko ɗaya ba, bai yi ƙarya ba a lafazi, amma kamar mutumin da ya je fadama da rani ne ya dawo ya ce ba a shinkafa a wurin. Rashin gani ba ya zama hujjar rashin abu sai an duba a lokacinsa, sau da yawa yadda ya kamata.

Ta uku ita ce wuce iyakar sani. Masanin tsuntsaye ba lalle ne ya san tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana bin abin da mutum ba shi da sani a kansa. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba, wannan kuwa bai rage masa daraja ba ko kaɗan.

Ta huɗu ita ce mai da fata ta zama yaƙini. Mai gini yakan yi alkawarin haƙa sabon kududdufi ko dasa sabon kurmi a madadin wanda zai rushe. Wajibin gwani ne ya faɗi shekara nawa sabon zai ɗauka kafin ya kai tsohon, da abin da halittun za su ci kafin nan, da ko an taɓa gwada irinsa a wani wuri ya yi nasara.

Ta biyar ita ce naci. Lauya ya nuna masa kuskure a fili, amma girman kai ko tsoron wanda ya biya ya hana shi sallamawa. A wasiƙar Sayyidina Umaru ga Abu Musa Al-Ash'ari a kan alƙalanci an fifita komawa ga gaskiya bisa dogewa a kan ɓata. A hadisin Ummu Salama kuma Annabi ya yi gargaɗi cewa wanda ya ci shari'a da iya magana alhali hakkin ba nasa ba ne, yankin wuta aka yanka masa.

Abin da ya ƙara wa wannan shaida nauyi shi ne, wanda aka yi wa zur a shari'ar bashi yana da baki, zai kai kuka gaba. Halittun nan kuwa, waɗanda aya ta 38 ta Suratul An'ami ta bayyana cewa al'ummomi ne kamar mutane, ba su da bakin ƙaryata rahoto. Haka jikokin mutanen wurin da ba a haifa ba tukuna. Kuɗi in an ci ana iya mayarwa, amma fadamar da aka dasa wa kankare ba ta komawa yadda take.

MISALAI BIYU

Kamfanin Associated British Ports ya nemi gina babbar tashar sauke kwantena a Dibden, daura da birnin Southampton, aikin da aka ƙiyasta zai ci fam miliyan 600. A gaɓar akwai shimfiɗar laka wadda teku ke rufewa in ya cika, ya buɗe in ya janye, nan dubban tsuntsaye ke kiwo da hunturu, yankin kuma mashahuri ne da wani irin dinya da ke tasowa daga arewacin Rasha. An yi zaman bincike daga Nuwamban 2001 zuwa Disamban 2002. Kamfanin ya yi tayin haƙa sabon rafi da zuba laka a wata gaɓa ta kusa don a maye gurbin abin da za a rasa, gwanayen hukumar kare halittu ta gwamnati da na ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB suka yi jayayya da isar wannan musanya. Sufeto ya ga ba ta isa ba, a Afrilun 2004 gwamnati ta hana aikin.

Misali na biyu daga Sikotland yake, inda tsarin ya ɗan bambanta amma zaman binciken iri ɗaya ne. Kamfanin Donald Trump ya nemi yin filin wasan golf a Menie, arewa da birnin Aberdeen, a kan tuddan yashi masu tafiya da iska, waɗanda doka ta keɓe wani sashensu saboda muhimmancinsa ga kimiyya. A zaman 2008 gwanayen hukumar kare halittu suka shaida cewa kafe yashin zai kashe abin da ya sa wurin ya yi fice. Masu binciken suka yarda za a yi ɓarna, amma suka ga amfanin tattalin arziki ya rinjaya, aka ba da izini a Nuwamban shekarar. Filin ya buɗe a 2012. A Disamban 2020 hukumar ta cire wannan sashe daga jerin wuraren da aka keɓe, domin abin da ake karewa ya lalace.

Misalan biyu sun nuna iyakar gwani. Auna maslaha da ɓarna aikin mai iko ne, shi zai amsa tambaya a kansa gobe ƙiyama. Na gwani shi ne ya tabbata duwatsun da aka ɗora a kan sikeli na gaskiya ne. In ya yi haka ya fita hakki, ko an bi maganarsa ko an bar ta.

ABIN DA YA SHAFI NIJERIYA

Nijeriya ita ma tana da irin wannan ƙofa. Dokar soja mai lamba 86 ta 1992 ta wajabta a rubuta rahoton tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su, a baje shi jama'a su gani, ta kuma tanadi kwamitin da zai saurari masana da mutanen wurin. Rahoton kuwa, kamar a Ingila, mai aikin ne ke biyan gwanayen da ke rubuta shi.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗana abin da kan faru in na ƙasan kogi ba su shiga lissafi ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978, duka kafin waccan doka, ta Challawa kuma a 1992. Bakolori ta rage ambaliyar da manoman shinkafa da masunta na ƙasan kogin Sakkwato ke dogara da ita. Tiga da Challawa, haɗe da shekarun fari, suka rage ruwan da ke malala fadamun Haɗejiya da Nguru, canjin tafiyar ruwan kuma ya taimaki kacala ta toshe hanyoyinsa. A farkon shekarun 1990 masana suka auna amfanin waɗannan fadamu na noma da su da itace, suka tarar ruwan da ya isa can ya fi ba da amfani nesa bisa kwatankwacinsa da aka tare don noman rani a sama. Irin wannan shaida tana cikin hujjojin da ake kawowa a doguwar jayayyar madatsar Kafin Zaki a kogin Jama'are. Fadamun nan kuma su ne masaukin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kowace shekara, a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Hakkin na ƙasan kogi a kan na sama sananne ne a shari'a. A Muwaɗɗa an kawo hukuncin Annabi a kan ruwan kwaruruwan Mahzur da Muzainib na Madina, cewa na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi bayanin raya mataccen fili da hurumi a littafinsa Ta'alimur Radi. Amma alƙali ko minista ba zai san ruwa nawa na ƙasa ke bukata ba sai gwani ya gaya masa. Gwanayen kuwa ba masu takardar jami'a kaɗai ba ne. Sarkin Ruwa da ya san inda kifi ke zuba ƙwai, da makiyayin da ya san burtali da mashaya, su ma ma'abuta sani ne a fagensu, wajibi ne a saurare su, wajibi ne su ma su faɗi gaskiya ba ƙari. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta hana masu shaida ƙin zuwa in an kira su, ita ce kuma ta hana a cutar da mai shaida. Saboda haka kamfanin da ya kori gwani ko ya hana shi hakkinsa don ya rubuta gaskiya, shi ma ya saɓa wa ayar.

Ɗalibin da ke karatun halittu da muhalli a yau, gobe shi za a kira ya sa hannu a kan irin wannan rahoto. Ya kamata iyayensa da malamansa su sanar da shi tun yanzu cewa sa hannun nan shaida ce, hukuncin shaida kuma yana kanta. Allah Ya ba masana ikon tsayar da ita a kan gaskiya, Ya ba shugabanni kunnen sauraro, Ya kiyaye al'umma daga zur da rashawa, amin. Allah ne Mafi sani.